Sunan Da Nake Tsallakewa a Jerin Sarakunan Jojiya

Mutumin da aka ce zai tarbe ni a filin jirgin saman Tibilisi, babban birnin Jojiya, bai zo ba. An ce zan gan shi riƙe da kwali mai sunana. Na bi kwalayen da ke hannun mutane ɗaya bayan ɗaya, har da masu rubutun ƙasar, mai kama da taliyar da ta zube a faranti, ban ga Rifkatu Hanwa ba. Na zauna a kan akwatina ina rawar ɗari cikin 'yar rigar sanyin da na saya a gwanjon kasuwar Sabon Gari, wadda mai ita ya rantse mini ko ƙanƙara ba ta ratsa ta. Ƙarya yake yi. Da waya ta shiga, Baba na fara kira, na ce masa na sauka lafiya, an tarbe ni hannu biyu. Ya ce Ubangiji Ya yi albarka, in riƙe mutuncina in riƙe nasa.

Baba masinja ne a wani ofishin harkar noma a Samarun Zariya har ya yi ritaya. Mahaifiyata ta rasu ina goye. Shi da Inna, uwarsa, suka raine ni, kuma bayan Inna ta rasu ya ƙi ƙara aure, muka zauna daga ni sai shi a ɗaki biyu na haya. Amma a cocinmu da ke Sabon Gari dattijo ne, bencin gaba yake zama. Idan miji da mata suka saɓa, ko Bahaushe da Ibo suka yi rikici a kan shago, shi ake turawa. Ba wanda yake kiran sunansa, kowa Dattijo yake cewa. Mutuncin nan shi ne duk abin da ya tara a duniya, sai 'yar gonarsa ta Hanwa, ita kuma ya sayar don in zo in karanta likita.

A filin jirgin na yini. Wata tsohuwa mai shara ta yi ta wucewa tana kallona, daga ƙarshe ta ajiye mini burodi mai cuku a cinya, ta dafa kaina ta faɗi abin da ban ji ba. Na ci ina kuka, don ban taɓa zaton farkon abin da zan ci a ƙasar Turawa sadaka ba ne. Sai da yamma wani saurayi ɗan ƙasarmu ya iso yana taunar cingam, ko haƙuri bai ba ni ba. Ya kai ni wani bene, ɗaki ɗaya mu shida, ya ce gobe za a je makaranta.

Makarantar kuwa da muka je, ajin koyon harshe ne a saman wani kanti. Takardar da wani dillalin tura ɗalibai waje a Sabon Gari ya ba Baba, mai tambari kamar na gwamna, da na kai ta ainihin jami'ar, matar ofis ta juya ta gaba da baya, ta miƙo mini ta ce ba su san ta ba. Na kira dillalin, layinsa a kashe. Gwaggo Talatu, ƙanwar Baba, ta ce mini a waya ai shagon ma yanzu mai ɗinkin labule ne a ciki. Na roƙe ta kada ta gaya wa Baba. Na ce zan gyara kafin ya sani. Yadda zan gyara, oho, ni kaina ban sani ba.

Watannin farko ba na son tuna su. Na wanke kwanuka a gidan abinci, mai gidan ya sallame ni ba ko sisi, wai gwaji ne. A mota mutane suna kallona kamar sun ga abin kallo, wata yarinya har ta goga yatsa a hannuna ta duba. Ba abin da nake kewa kamar hayaniyar kasuwar Samaru ranar Juma'a, da awarar da ake soyawa a bakin titi. Duk Lahadi Baba zai kira bayan sujada ya tambayi karatu, in ce ana fama. Ya ce jama'ar coci suna gaida likita.

Wata rana a tashar jirgin ƙasa na ji ana zagin waya da Hausa, zagi irin na 'yan kamasho. Na waiga na ga wata 'yar gajeruwa da kitson zare. Ngozi ke nan, haifaffiyar Sabon Gari, uwarta mai sayar da busasshen kifi. Hausarta ta fi tawa kaifi. Da ta ji labarina ta ce ni ce ta kusan goma da dillalin nan ya yi wa haka, sannan ta ce in daina kuka, kuka ba ya biyan haya. Ita a Kutayisi take karatu, kuma ta san wani gida da ake neman mai jinyar tsoho. Ta tambaye ni ko zan iya wanke wa namiji fo. Na ce na yi wa Inna. Ta ce to in ɗauko akwatina.

Kutayisi gari ne mai kogi a tsakiya da gidaje a kan tudu. Gidan da aka kai ni tsohon gida ne mai rumfar inabi a tsakar gida. Mai shi sunansa Otar, ana ce masa Batono Otar, kamar yadda za mu ce Malam wane. Ya yi koyarwar tarihi a sakandare har ya tsufa, sannan ya zame a banɗaki ƙugunsa ya karye. 'Yarsa ɗaya, Manana, tana Italiya tana jinyar uwar wasu, shi ya sa take neman wadda za ta yi jinyar ubanta. Da na ji haka na ce ashe duniyar duk ɗaya ce.

Tsohon yana jin Turanci, irin na littafi, kuma masifaffe ne. Ya ce shayina kamar ruwan wanki. Ya ce ina tafiya kamar soja. Ni kuma ba a taɓa ni in yi shiru, na ce masa wakensu ba ya jin gishiri, kuma mutumin da ba ya iya zuwa taga bai kamata ya raina tafiyar wani ba. Ya yi dariya har da tari. Daga ranar muka shirya.

Likita ya ce dole ya riƙa tafiya kullum da ƙarfen dogarawa, daga gado zuwa taga. Ya ƙi. Na lallaba, na yi faɗa, ya ce shi ba jariri ba ne da za a ƙirga masa tata. Can wata safiya ya ce ya yarda, amma da sharaɗi: ba da lamba za a ƙirga ba, da sarakuna. Taku ɗaya, sarki ɗaya, kuma tare za mu faɗa. Haka na fara haddace sarakunan wata ƙasa, ni da ko sarakunan Zazzau ban iya jerawa ba. Bagirat, wanda ya haɗa ƙasar ta zama ɗaya. Giyorgi ɗansa. Wani Bagirat ɗin. Wani Giyorgin. Dabit Magini. Demetire. Haka har a kai kan Tamar, macen da suke kira sarki ba sarauniya ba, da 'ya'yanta biyu, Lasha da Rusudan. Idan muka kai Rusudan mun kai taga. Duk gida ɗaya ne, ɗa ya gaji uba, jika ya ɗauki sunan kaka. Na ce masa mutanen nan ba su da wasu sunaye ne? Ya ce suna ba kaya ba ne da za a canja, ana maimaita shi ne don kada ya mutu a tsakar gida.

Ya kan tsaya a tsakiyar ɗaki ya huta, ya ba ni labarin wanda muka tsaya a kansa. Ya ce kakar kakarsa daga wani reshen gidan sarautar ta fito. Da na gaya wa Ngozi ta ce kowane tsoho a garin nan jikan sarki ne bayan kofin giya na uku. Amma shi da gaske yake yi. Idan ya zo kan Dabit muryarsa har canjawa take. Ya ce yaro ne ɗan shekara goma sha shida aka ɗora masa ƙasar da mahara suka cinye, mutane sun gudu duwatsu, shi ya sauko da su ya sake gina komai. Sannan ya ce mini gidan sarautar nan gaba ɗaya suna cewa su jinin wancan sarkin ne na cikin Littafi, mai Zabura, wanda ya kashe Goliyat, kuma sunansa Magini ya ci.

Ashe kwana da kwanaki sunan Baba nake kira da safe, a bakin wasu mutane, ban sani ba.

Na san 'yan matan yanzu suna kiran sunan ubansu kamar suna kiran ɗan acaɓa. Ni ba haka aka raine ni ba. Inna takan ɗalle mini baki da yatsa idan na kuskura. Ko a makarantar Lahadi idan karatu ya biyo ta kansa, sai in ce mai sunan Baba, yara su yi ta dariya. A takarda ina rubutawa, amma harshena bai taɓa ɗauka ba. Saboda haka washegari da muka zo takun, na yi shiru, shi kaɗai ya faɗa, na kama daga Demetire. Jibi ma haka. Akwai wani Dabit ɗin kuma a gaba kaɗan, shi ma na tsallake. Malamin makaranta kuwa ba ya rasa gane ɗalibin da ya tsallake layi.

Ya tsaya, ya riƙe ƙarfen, ya tambaye ni me sarkin ya yi mini. Na sunkuyar da kai na ce sunan mahaifina ne, ba na faɗarsa. Ya tambaya ko ya rasu. Na ce yana da rai. Ya ce tun yaushe ba na faɗa? Na ce tun ina ƙarama, kakata ce ta hana. Ya tambayi Hanwa da ke jikin fasfona, ko sunan gidanmu ne. Na ce a'a, sunan unguwar da aka haife ni ne, hedimasta ya rubuta mini a firamare. Sannan ya ce a hankali, a wurinsu sunan da ba a kira a gida na wanda ya ci amana ne, kuma ba zai sake tambayata ba.

Na gane abin da ya ɗauka. A take na gane. Magana biyu ta isa ta gyara: girmamawa ce, ba ƙiyayya ba. Amma fo yana hannuna a lokacin, kuma wata kunya ta rufe ni, ta yadda zan ce ina da uba dattijo mai mutunci, ga 'yarsa a nan tana wannan aiki alhali yana can yana cewa likita. Na ce a raina gobe zan yi masa bayani. Da goben ta zo, na tarar ya sa maƙwabci ya kai na'urar ɗumama ɗaki ɗakina, kuma an shimfiɗa mini rigar sanyin marigayiya matarsa a kan gado, mai kauri, mai gashi a wuya. Ya daina kushe shayina. Ya fara ce mini 'yata. Ni kuwa rabona da ɗumi tun daga Zariya. Na sa rigar na yi shiru, kuma shirun ya yi mini daɗi.

Haka hunturu ya wuce. Idan muka zo takun sai shi ma ya rage murya, kamar mai tsallake kwata. Ya fara kaiwa taga ya dawo. Daga baya ya koma zagaya tsakar gida, muna wuce Rusudan har zuwa lokacin da gidan ya rabu rassa, kowane reshe da garinsa da sarkinsa. Baba kuma yana kira duk Lahadi. Wata rana ya ji muryar tsohon a bayana, na ce malaminmu ne.

Da bikin Ista ya zo Manana ta dawo hutu. Ta ga ubanta a tsaye a bakin ƙofa ta fashe da kuka, ta rungume ni har na ji kunya. Suka ce za a je Gelati a yi godiya. Wani tsohon gidan ibada ne a kan dutse kusa da gari, Magini ne ya gina shi. Batono Otar ya ja ni wata tsohuwar ƙofa, ya nuna mini wani faffaɗan dutse a ƙasa wanda ya suɗe don taku. Ya ce ana cewa a nan sarkin ya yi wasiyya a binne shi, a bakin ƙofa, don duk mai shigowa ya taka shi. Na ja da baya da sauri, don mu ba ma taka kabari. Na tsaya ina kallon dutsen, ina tunanin mai sunansa da ke Samaru, wanda ya sayar da gonarsa na taka na wuce. Hawaye suka zubo mini. Tsohon ya gani ya dafa kafaɗata, na san kuma wata fassara ya sake yi musu.

Da yamma aka yi walima a ƙarƙashin rumfar inabi. Su walimarsu da shugaba take, shi yake miƙewa da ƙahon giya a hannu ya yi jawabi, ga ƙasa, ga matattu, ga iyaye, kowa ya sha. Ni ruwan inabi marar yisti aka zuba mini, ina ta kai da kawo da tawul a kafaɗa. Can Batono Otar ya miƙe ba tare da ƙarfe ba, aka yi tafi. Ya kira ni ya riƙe hannuna. Manana ta ɗaga waya tana ɗauka, tana fassara maganarsa da Turanci don in ji.

Ya ce sarki Giyorgi tun yana da rai ya ɗora wa 'yarsa Tamar kambi da hannunsa, don kada wani ya yi shakkar 'yar wa ce, kuma aikin uba ke nan. Ya ce wannan yarinya ta zo daga nesa ta tashe shi daga gado. Ya ce ubanta yana raye, amma ya yi mata abin da ya sa tun tana ƙarama ba ta iya kiran sunansa, ko a fasfonta babu shi. Bai tambayi ko mene ne ba, Allah Ya sani. Daga yau ita 'yar gidan nan ce, shi ne ubanta.

Mata suna share hawaye, maza suka miƙe tsaye. Mutum wajen talatin suna kallona da ƙauna. Na buɗe baki, na rasa ta inda zan fara a gaban tsohon da ya miƙe da ƙafarsa don ni. Na ɗago kai na ce na gode, da harshensu ma, aka sake tafi.

Manana ta sa hoton bidiyon a shafinta na intanet don 'yan uwansu su gani. Ɗaliban ƙasarmu suka ɗauka suna yaɗawa, wai ga Bature mai zuciyar kirki. Ngozi ce ta fara kirana, ba ta ko gaishe ni ba, ta ce ke mahaukaciya ce? Ta ce uwarta ta gani a kasuwa. Kafin Lahadi ya shiga wayoyin zumuntar mata na cocinmu.

Ranar Lahadin Baba bai kira ba. Na kira bai ɗauka ba. Gwaggo Talatu ce ta kira, muryarta a dishe.

"Rifkatu, me yayana ya yi miki?"

Na ce ba abin da ya yi mini, sunan ne kawai, ai ta san Inna. Ta ce ita ta sani, amma je ki gaya wa Sabon Gari. Ta ce mutum ya zauna shekaru da 'ya mace shi kaɗai ya ƙi aure, sannan a ji daga bakin Bature cewa ya yi mata abin da ba ya faɗuwa, ita kuma tana tsaye tana godiya, me nake so mutane su ce? Ta ce dattawa sun zauna sun roƙe shi ya ɗan huta da aikin coci har a bincika. Ya ɗauki Littafinsa ya koma bencin baya. Wata mata da ya taɓa sasanta aurenta ta janye jikarta da ya miƙa mata hannu.

Kunyar wanke kwanuka da ta fo duk suka zama wasa. Na shiga ɗakin tsohon na durƙusa kamar yadda ake yi a gida, na faɗa masa komai: Inna, da ɗalle baki, da gonar Hanwa, da bencin gaba. Fuskarsa ta yi fari fat. Ya tambaye ni me ya sa ban faɗa ba tun ranar. Na ce sanyi nake ji. Ya gane, bai ƙara tambaya ba. Ya ce shekara arba'in yana koya wa yara kada su yanke wa matacce hukunci da shaida ɗaya, ga shi ya yanke wa rayayye. Ya sa Manana ta cire hoton, ya sa aka ɗauke shi a wani hoton yana ba Baba haƙuri, da kwat da lakataye. Na tura wa kowa. Ba wanda ya yaɗa shi, don ba shi da daɗin kallo.

Tsohon ne ya ce in tafi gida. Na ce wa zai kula da shi? Ya ce yana kaiwa taga da kansa, amma akwai wanda ba zai iya komawa bencinsa ba sai da ni. Su suka haɗa mini tikiti. Na ninke rigar matarsa na bar ta a kan gado.

Ranar Asabar na sauka Kwangila na hau motar Samaru. Na tarar da Baba a ƙofar ɗaki yana goge takalminsa na coci. Ya rame. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa, ya tambayi hanya, ya miƙo mini ruwa a moɗa. Na fara magana ya ɗaga hannu ya ce in huta, gobe da sujada. Da ya zage ni ko ya ɗaga mini hannu da na ji sauƙi.

Washegari da muka shiga coci aka yi tsit, irin wanda ake jin ƙarar fanka. Ya wuce bencin baya, na wuce ɓangaren mata, ba wadda ta matsa mini sai uwar Ngozi. Da aka zo lokacin shaida na miƙe kafin tsoro ya zaunar da ni. Na ce ban karanta likita ba, ko rana ɗaya. Na faɗi aikin da na yi. Na faɗi sarakunan da takun da nake tsallakewa, tsofaffin mata suka fara gyaɗa kai, don su sun san wannan. Na faɗi rigar sanyi. Na ce ba abin da mahaifina ya taɓa yi mini sai alheri, ni ce na bari aka zage shi don in ji ɗumi. Amma na ga matasa da baƙi suna kallona da ido ɗaya, kamar an turo ni ne in wanke shi. Sai na juya na fuskanci bencin baya.

"Ni Rifkatu, 'yar Dauda ce. Dauda ne ubana, ba ni da wani."

Muryata ta fita da ƙarfi fiye da yadda na so. Wata tsohuwa ta ce ji mara kunya, wata ta ce a bar ta. Gwaggo Talatu ta rufe fuska da gyale. Fasto ya sauko da kansa har bencin baya, ya roƙi Dattijo ya dawo wurinsa. Baba ya miƙe ya yi masa godiya, ya ce nan ma ana jin wa'azi, ya koma ya zauna.

A mota muna komawa Samaru muka samu kujerar baya mu biyu. Sai da muka wuce Kwangila ya yi magana, yana kallon taga. Ya ce sunan nan kada in sake, Inna daidai ta koya mini. Ya ce aikin jinya ba abin kunya ba ne, shi ma ya wanke uwarsa, kuma da na faɗa masa gaskiya tun farko da ya ce in riƙe aikin da kyau. Gona kuwa ta tafi, ƙasa ce. Ya ce bai riƙe tsohon Baturen a zuci ba, mutumin kirki ne, abin da aka nuna masa ya gani.

Sannan ya ce, "Hoton nan Talatu ta sa mini a waya. Kullum sai na kalla. Wurin da ya gama magana nake maimaitawa, ko zan ga kin girgiza kai, ko kaɗan ne." Ya juyo ya dube ni. "Ban gani ba, Rifkatu. Godiya kika yi."

Ya ƙwanƙwasa jikin mota ya ce wa kwandasta akwai sauka.